Gwiwar Hannun Wataru

Takato, 9 ga Mayu

Zuwa ga Kinuyo, uwar Wataru,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan takardar nan ta same ki lafiya, ke da ƙanwarki Tomie da mutanen gidanta. Yaya ƙafar taki? Iskar tekun Itoigawa ba ta ƙara mata ciwo ba ko? Nan furannin ceri sun zube tuni, 'yan kallo sun kwashe kayansu sun tafi, an sako ruwa a gonakin shinkafa, kwaɗi sun karɓe gari. Ni lafiyata ƙalau, in ban da abin da shekara saba'in da takwas ke zuwa da shi.

Wannan ce takarda ta biyar tun da kika tafi a watan Nuwamba. Ban ga amsar huɗun farko ba. Ba ƙorafi nake yi ba, ina faɗa ne don in ɗan gidan waya ne yake cinye su a hanya, mu san da wa za mu yi.

Limamin haikali ya sake tare ni a bakin kasuwa. Ya ce bikin Obon na bana shi ne na farko tun rasuwar Wataru, matattu za su dawo gida kwana uku, bai kamata yaron ya zo ya tarar ƙasusuwansa suna cikin tulu a gidan mutane ba. Na ce masa ana shiri. Ƙarya na yi wa limami, Kinuyo, da tsufana. Ban manta abin da kika faɗa ba ranar da kika rungume tulun kika shiga mota: ba zai kwanta a kabarin gidanmu na Morozumi ba muddin katakon sunansa ba ya rataye a zauren horon takobi. Ke ma kin san ƙa'idar. Ɗalibin da aka sauke sunansa, ba a mayarwa sai ya durƙusa a bakin ƙofa ya roƙa da bakinsa. Ba ni na kafa ta ba. Malamai shida suka riƙe ta kafin ni. Yanzu ki gaya mini, ta yaya mamaci zai durƙusa?

To ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Ranar Lahadi Misuzu ta zo daga Osaka. Matar ɗanmu, wadda kika halarci aurenta kika ce mini kin je duba Tomie. Na sani tun a lokacin. Ta zo da wani kwali, ta ajiye a gabana, ta sunkuya har goshinta ya taɓa tabarma.

Ta ce, "Baba, aikinsa na ƙarshe ne. Ya fito kasuwa watan jiya."

Na ce, "'Yata, ni ban san yana da aiki ba. Wasa dai na ji yana yi."

Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Haka ya ce za ka ce."

Wasan yaƙi ne na zamanin da sarakuna ke ƙona wa juna ganuwa. Ana haɗa na'urar da talabijin, a ɗora wani ɗan ido a kansa, mutum ya riƙe wata sanda da ba ta kai muciyarki tsawo ba, ya ɗaure igiyarta a wuyan hannu. Duk yadda ya kai sara a ɗakinsa, haka mayaƙin da ke cikin talabijin zai kai. Ta ce kamfanin sun riƙa sa wa Wataru wata matsattsiyar riga mai ɗige-ɗige, ya yi ta sara a ɗaki ba kowa a gabansa, na'ura tana kwashe motsinsa tana zuba wa mayaƙan. Ashe abin da ya bar zauren kakanninsa ya je yi ke nan shekara goma sha biyar. Na ba ta shayi, na raka ta tashar bas, na tura kwalin ƙarƙashin matakala.

Kin san Gonda mai awara, ba abin da ke shiga gidan nan bai shinshino ba. Washegari ya zo da awarar safe, ya ga kwalin.

Ya ce, "Sakuji, tsoro kake ji?"

Na ce, "Na me? Na muciya?"

Ya ce, "To ɗauko mu gani. Shekara sittin kana dukana da takobin katako, yau dai in ga wanda zai rama mini."

Shi ya haɗa wayoyin, yana zagin wanda ya rubuta takardar bayanin. Na tsaya na riƙe sandar. Ba ta da nauyi ko kaɗan, ba baki ba gindi, kamar ka riƙe iska. Wani sojan ƙasa mai hular kaba ya taso mini da mashi. Na tsaya yadda ake tsayawa, na ja numfashi, na jira ya shigo. Kafin in gama jira ya soke ni sau uku. Na sake, na kai sara da gaske, na fasa fitilarki ta takarda da ke rataye. Sai wani rubutu ya fito a talabijin wai in ƙara ƙoƙari, kowa da haka ya fara. Gonda ya yi dariya har haƙoransa na roba suka zame.

Zan gyara fitilar. Ban san dalilin da ya sa ban mayar da abin cikin kwali ba. Misuzu ta ce akwai wani wuri can gaba, a kan wata gada, da take so in kai. Ban tambaye ta me ke can ba.

Ki gaida Tomie. Ki riƙa sa safa ko da rana.

Mijinki,
Sakuji

Takato, 17 ga Yuni

Kinuyo,

Ina gaishe ki, ina tambayar lafiyarki da ta ƙafarki da ta duk wanda ke ƙarƙashin rufin nan. Damina ta sauka a nan, kwana tara ba mu ga rana ba, tabarmi sun fara wari, wanki ba ya bushewa. Na gano inda kike ajiye gishiri.

Kada ki yi mini dariya, ko da yake na fi son dariyar da shirun. Kowace safiya in na share zauren horo, inda yanzu ɗalibai huɗu suka rage kuma ƙaraminsu ya haura sittin, sai in dawo ɗaki in ɗaura igiyar nan a hannu. Na ci ƙauyuka, na ƙona gidajen sarakuna biyu, na kashe mutanen da ba su yi mini komai ba fiye da yadda zan iya ƙirgawa. Abin ba takobi ba ne. Ba ya son haƙuri, ba ya son jira, wanda ya fi yawan wutsil-wutsil shi ke ci. Amma in ka karkata sandar ko da faɗin yatsa ne, yana sani. Wannan kam na ba shi.

Mako biyu da suka wuce na iso gadar.

Kin tuna na taɓa ba ki tatsuniyar kakata, wadda take yi mana a bakin murhu in ƙanƙara ta rufe hanya? Ta matar da mijinta ya mutu a yaƙi, ya dawo da fuskar wani baƙo yana neman ruwa, duk gari ba wanda ya gane shi sai ita, don ta ga yadda yake ajiye ƙafa a kan dutsen ƙofa. Muna yara muna cewa ƙarya ce, fuska ake ganewa. Kakata ta fi mu sani.

Gada ce ta katako a kan kogi, hayaƙi ta ko'ina, rundunarsu duk ta gudu. Mutum ɗaya ya rage a tsakiya. Ba shi da suna, Mai Tsaron Gada kawai suka rubuta. Fuskarsa a rufe da ƙarfe, ƙato ne, ya fi Wataru tsawo da kauri, muryar ma ta wani ce. Ya tako sau biyu. Ya ja ƙafar dama bai ɗaga ta daga ƙasa ba, ya zare takobi da ɗan jinkirin nan kamar mai buɗe ƙofar ɗakin mara lafiya. Kinuyo, sandar ta faɗi daga hannuna, igiya ce ta riƙe ta. Ɗanki ne. Ni na koya masa takun nan yana shekara shida, a kan katakon da nake sharewa kullum.

Ya ɗaga takobi sama da kai, ya sare ni, talabijin ya yi ja. Na zaci shi ke nan. Sai ya ja da baya taku ɗaya, ya karkaɗe jinin, ya mayar da takobi cikin kube a hankali, ya haɗa ƙafa, ya sunkuya mini. Irin sunkuyon da muke rufe horo da shi, ba ragi ba ƙari. Na ƙirga, daƙiƙa huɗu ne.

Na kira Misuzu a waya. Ta ce mutanen kamfani sun so su yanke wurin, wai ba mai sayen wasa don a kashe shi kuma a tsaya ana gaishe shi. Wataru ya ce in suka yanke, su nemi wani ya ƙarasa musu aikin. Sun bari. Ta ce wanda ya ci nasara a kansa ba ya ganin sunkuyon, mayaƙin faɗawa kogi yake yi, wasa ya wuce gaba. Sai wanda aka kayar.

Tun ran nan kullum sai ya kashe ni. Sau uku kafin shayin safe, wani lokaci sau biyar.

Jiya Gonda ya zauna yana kallo, yana fifita da hularsa.

Ya ce, "Kai, Sakuji, ko ni mai awara na ga ƙofa a buɗe. In ya ɗaga hannu, haƙarƙarinsa na hagu a waje yake. Shiga mana!"

Na ce, "Hannuna ya gaji."

Ya ce, "Hannun da ya fasa fitila? Tsohon banza. To ai ga shi nan yana sunkuya maka, yau sau nawa ke nan? Ka lissafa masa a matsayin roƙon, ka mayar da katakon, matarka ta dawo, mu huta da cin shinkafarka mai kama da siminti."

Na ce a tsaye yake sunkuyawa, ƙa'ida kuwa durƙuso ta ce. Gonda ya ɗauki bokitinsa ya fita bai ce mini sai anjima ba.

Amma ƙofar da ya gani gaskiya ce, kuma ita nake so in gaya miki. Gwiwar hannun nan ta hagu. In ya ɗaga takobi, tana sauka ƙasa kamar faɗin yatsa biyu, bakin takobin ya karkata. A kanta na dake shi yana ɗan shekara goma. A kanta na hana shi takardar gadon makaranta yana da ashirin da shida, a gaban ɗalibai, na ce ba zan miƙa amanar malamai shida ga hannun da ya ƙi jin magana ba. Ya ce, "Malam, yadda na gani nake yi." Na ce ƙarya yake, taurin kai ne. Washegari ya tafi Osaka, da na ji abin da ya je yi na sauke katakonsa. To ga shi shekara goma sha biyar, har ya mutu bai gyara ba. Na'ura ta kwashe aibin yadda yake ta adana. Ba don in ɓata miki rai nake faɗa ba. Ina so ki san ba zalunci na yi ba, abin da na gani yana nan, duk mai ido zai gani.

Duk da haka ban iya kai sara wurin ba.

Ki huta lafiya. In kina magana da tulun da safe kamar yadda Tomie ta gaya wa Gonda, ki ce masa takunsa ya yi kyau.

Naki,
Sakuji

Takato, 21 ga Yuli

Uwar Wataru,

Gaisuwa da fatan alheri gare ki da Tomie. Ina fata zafin bana bai hana ki barci ba, kina kuma shan ruwa ba sai an tuna miki ba. Ruwa ya ɗauke a nan, shinkafa ta kai gwiwa, ƙwari suna ta tsuwa a bishiyoyi kamar ana wasa wuƙa. Kada ki tambayi lafiyata a wannan karon.

Takardar da na aiko miki a watan jiya, in ba ki ƙona ta ba, ki ƙona ta.

A cikin wasan akwai wani ɗaki da ban taɓa shiga ba, wurin koyo ne. Ranar Talata yatsana ya zame na danna shi. Ba abokin gaba a ciki, sai inuwar mutum a kan farin bango. Na ɗaga hannu, ta ɗaga. Na matsa, ta matsa. Ɗan idon nan na kan talabijin ne yake kallona yana zana ni. Kin san tun zamanin kakana ba a sa madubi a zauren horo, ba a ɗaukar hoto, ba a yi wa ɗalibi dogon bayani. Ya zauna ya kalli malaminsa, ya sata da ido, shi ne karatun. Shekara saba'in ina riƙe da takobi, ban taɓa ganin kaina ina ɗaga shi ba.

Na ce bari in nuna wa wannan inuwa yadda ake yi. Na ɗaga sandar sama da kai.

Gwiwar hannunta ta hagu ta sauka. Faɗin yatsa biyu.

Na ce ɗan idon ne ya karkace. Na goge shi da hannun riga, na gyara masa zama, na sake. Ta sauka. Na yi sau ashirin, ina matsa gwiwar sama da iyakar ƙarfina, a jikina ina jin ta daidai, a bango tana sauka. Har wani jan layi na'urar ta zana a wurin, ta rubuta mini shawara cikin ladabi.

Ban jira washegari ba, na tafi shagon Gonda da takalmin cikin gida a ƙafata. Na same shi hannu a cikin ruwa yana yanka awara.

Na ce, "Gonda, gwiwar hannuna tana sauka?"

Bai juyo ba. Ya ce, "Guda nawa za a ba ka?"

Na ce, "Tambayarka nake yi."

Ya tsame hannu, ya goge a gaban rigarsa, ya daɗe yana gogewa. Ya ce, "Tun shekarar da ka faɗo daga rufin gidanku kana kwashe ƙanƙara. Muna da sha tara. Ƙashin kafaɗar ya ɗoru a karkace. Babanka ya riga ya kwanta ciwo, bai sake ganinka da takobi ba."

"Wa ya sani?"

"Wa bai sani ba?"

"Shekara sittin, ba wanda ya buɗe baki?"

Ya ce, "A waje kai Sakuji ne, ina iya ce maka jaki. A zaure kai Malam ne. Wa ke gyara wa Malam hannu? Mu dai mun riƙa kallonka muna ɗaga tamu gwiwar sama kaɗan, shi ke nan. Mu ragwaye ne, rabin ido muke kallo da shi. Yaron nan ne kaɗai ya kalle ka da ido biyu. Ko tarin da kake yi kafin ka zare takobi sai da ya ɗauka."

Na ce, "Ranar da na hana shi takarda kana zaune."

Ya ce, "Ina zaune. Kullum in na kawo maka awara, ji nake har yanzu ina zaune a wurin." Sai ya fara kuka, tsoho da shi, a gaban mata biyu da suka zo sayayya.

Na dawo gida na buɗe akwatin rigunan horona. Na shimfiɗa su a tabarma ɗaya bayan ɗaya, tun ta shekarar aurenmu. Kowace riga, ɗinkin kafaɗar hagu ya fi na dama gajarta. Ke kika ɗinka su duka. Sai na tuna wata rana yaron yana da sha biyu, ya shigo da shatar takobin katako a hannu, kina shafa masa magani, kika ce, "Baban Wataru, ka taɓa duba taka kafaɗar?" Na ce ki kula da tukunyarki, takobi ba maganar mata ba ce. Ba ki sake faɗa ba. Shekara sha huɗu bayan nan ya tsaya a gabana ya gaya mini gaskiya da kalma biyar, yadda na gani nake yi, na kira shi maƙaryaci.

Bai taɓa ƙin jin magana ba, Kinuyo. Bakina yana ce masa ɗaga, jikina yana ce masa sauke, shi kuwa an koya masa tun yana jariri cewa jikin malami ake bi.

Na ce wa kowa na ƙona katakon sunansa. Ban ƙona ba. Yana cikin akwatin da takardar gadon makaranta take, a naɗe da ƙyallen da kika yi masa goyo da shi. Ƙusarsa ma tana nan a bango, ban taɓa cire ta ba, na riƙa cewa cirewar za ta ɓata katako.

Ranar Alhamis na tara ɗaliban nan huɗu. Na sa rigar horo, na fita waje, na durƙusa a kan dutsen bakin ƙofa da katakon a hannuna. Ƙa'ida ta ce mai laifi ya durƙusa a nan ya roƙa da bakinsa. Na duba, ba ta ce dole ɗalibi ne mai laifin ba, mu ne muka ɗauka haka. Na roƙa. Ba zan rubuta miki abin da na ce ba, ba ke na faɗa wa ba. Da na gama na kasa tashi, sai da Gonda da wani suka ciccibe ni kamar buhun wake, Gonda yana cewa, "A hankali, kada ɗaya kafaɗar ma ta tafi." Na rataye katakon. Da yamma na niƙa tawada na rubuta sunansa a takardar gado, malami na takwas, ƙarƙashin nawa. Babu na tara. A kansa makarantar ta ƙare, kuma gara haka.

Ba ciniki nake yi da ke ba. Ban rataye shi don ki kawo tulun ba, ko da yake ina so ki kawo, ina so ƙwarai. In kin ga ya fi masa daɗi a bakin teku kusa da ke, zan gaya wa limami gaskiya a karon nan.

Na gode da rigunan.

Sakuji

Takato, 6 ga Agusta

Kinuyo,

Ina gaishe ki da kyau, ina gaida Tomie, ina fata kin tashi lafiya. Katinki ya iso jiya da hantsi. Ɗan gidan waya ya miƙo mini da hannu biyu yana murmushi, ka san ya karanta. Layi uku ne, na karanta su fiye da yadda na karanta duk wani abu a rayuwata.

Kin ce za ki iso ranar sha biyu da bas ɗin ƙarfe biyu da kwata, da tulun a cinyarki. Kin ce Gonda ya zo tarbarku, ba ni ba. Na ji. Ya riga ya wanke motar awararsa, ya ce zai shimfiɗa matashi a kujerar gaba. Limami ya sa binnewar ranar sha uku da safe, na je na wanke dutsen kabarin, na cire ciyawa. Akwai wuri kusa da babana. Sun saba, shi ya fara ɗora masa takobin katako a hannu kafin ya san dama da hagu, a mafarkina dai, don babana bai rayu ya ga yaron ba. Misuzu za ta zo, na ce ta kwana a ɗakin Wataru in ta iya.

Kin ce kwana huɗu za ki yi, in an raka matattu ranar sha shida za ki koma wurin Tomie. Na duba bayan katin ko akwai wani abu, hoton teku ne kawai. Ba zan yi gardama ba. Shekara goma sha biyar kina zuba shinkafa a kwano uku kina mayar da ɗaya tukunya, ina gani ina yin kamar ban gani ba. Kwana huɗu ya fi abin da na cancanta. Na dai gyara fitilar, na shanya shimfiɗarki, gishiri yana inda kika bar shi.

Layi na uku kika ce: kada ka kashe shi kafin in zo, ina so in ga tafiyarsa.

Ban kashe shi ba. Ba zan iya ba ma. Ƙofar da ke haƙarƙarinsa ni na buɗe ta, da wane hannu zan shiga?

Amma bari in gaya miki yadda abin yake, kada ya zo miki ba shiri. Fuskar ba tasa ba ce, kada ki nemi komai a can. Muryar ma ki toshe kunne, wani ne yake ta kurari. Ki kalli ƙafafu. Zai tako sau biyu, zai ja ta dama. Kafin ya zare takobi kafaɗarsa za ta ɗan motsa, tarin nan ne, sun cire sautin amma motsin yana nan. Sa'an nan zai ɗaga hannu, za ki ga gwiwar. Za ki gane ta, ke kika fi kowa saninta, kin auna ta da zare.

Daga nan zai sare ni, talabijin ya yi ja. Kada ki firgita, ba zafi, na saba. Abin da ke biye shi ne nake so ki samu. Na gwada jiya da Gonda: in na ajiye matashinki daidai bayana, da zarar ya kai saran zan matsa gefe, in jingina da bango. Ƙafafuna sun tsufa amma taku ɗaya bai fi ƙarfina ba. Zai karkaɗe takobi, ya mayar cikin kube, ya haɗa ƙafa, ya sunkuya, ba kowa a gabansa sai ke. Daƙiƙa huɗu ne. In ba su ishe ki ba, sai in koma in tsaya, ya sake. Ko sau nawa kike so.

Saran nawa ne, gaisuwar taki ce.

Ki taho da laima, rana tana da zafi a tashar. Ki riƙe shi da kyau a kwanar nan ta bakin kogi, direbobin yanzu ba sa rage gudu.

Mijinki, baban Wataru,
Sakuji